Rukuni na Biyu

Ranar da Malam Ja'afar ya shigo ajinmu neman ɗalibai, bai ce marasa lafiya yake nema ba, cewa ya yi masu kishin al'umma. Ya ajiye jakarsa a kan tebur, ya gyara zaman hula, ya ce yana bincike a kan tsargiya, wato fitsarin jinin nan da ake kwasowa a ruwan fadama, kuma binciken ne zai ba shi digirin dakta. Duk ɗalibin da ya fito daga garuruwan bakin kogi, mai shiga gonar shinkafa lokacin hutu, ya zo a auna shi kyauta, wanda aka samu da cutar kuma a ba shi magani. Da ya ga aji ya yi tsit, sai ya ƙara da cewa akwai maki goma a jarrabawarsa ga duk wanda ya ba da haɗin kai. Nan take kishin al'umma ya kama mu, hannaye suka tashi sama.

Sunana Sakinatu, 'yar Kirikasamma ce ni, ina zaune a Haɗeja gidan yayata. Wadda ke zaune kusa da ni a ranar ita ce Umaima, 'yar Auyo, kuma a gidan Malam Ja'afar ɗin take, domin ƙanin mahaifinta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Unguwarmu ɗaya, mota ɗaya muke shiga kowace safiya zuwa jami'a, mu dawo tare da yamma. Ita ba ta ɗaga hannu ba. Da na zungure ta, sai ta ce ai Baffa ya sa sunanta tun a gida.

Aka auna mu, ni da ita duk aka same mu da cutar, abin da bai ba kowa mamaki ba. Sai Malam ya raba mu gida biyu. Rukuni na ɗaya za a ba su magani a take. Rukuni na biyu za su jira ƙarshen zango, kowace Litinin su kawo fitsari a 'yar kwalba, domin a ga bambancin wanda ya sha da wanda bai sha ba. Ya ce kwamfuta ce ta yi rabon, babu hannun kowa. Ni na faɗa na ɗaya. Na haɗiyi wasu manyan ƙwayoyi masu ɗaci, na yi wuni guda ina jiri, bayan 'yan makonni na warke tas. Kwamfuta kuwa, cikin ikon Allah, sai ta jefa 'yar gidansa rukuni na biyu.

Ɗalibai ba wawaye ba ne. 'Yan rukuni na biyu suka tambaye mu sunan maganin, kowa ya sulale kemis ya saya, domin ba wani mai tsada ba ne. Litinin ta zagayo, Malam ya duba kwalabe ya ga ƙwan cutar yana raguwa, ya shigo aji yana kumfar baki, wai mun ci amanar ilimi. Ya yi barazana da maki, ya yi da Allah ya isa, duk a banza. Kafin tsakiyar zango rukunin ya zube, saura mutum kaɗan. A cikin kaɗan ɗin nan Umaima ce cutar ta fi kamawa, kuma ita ce kaɗai take kwana ta tashi a ƙarƙashin idonsa. Da kunnena na ji yana gaya wa wani abokin aikinsa a bakin ɗakin gwaji cewa kwalbar yarinyar nan ita ce ke riƙe da aikinsa gaba ɗaya. Yana faɗa yana murmushi, kamar mai yabon saniyar tatsa.

Don kada ita ma ta sulale, ran wata Asabar ya sa ta a mota suka tafi Auyo wurin yayansa, Malam Badamasi. Abin da ya gaya masa ban sani ba, amma na san abin da Malam Badamasi ya gaya wa 'yarsa, domin ta maimaita mini shi ba sau ɗaya ba.

"Baffanki ubanki ne. Shi ke ciyar da ke, shi ya san boko. Ko ƙwayar ciwon kai kika sha ba da izininsa ba, ban yafe ba."

Shi ke nan, an ɗaure ta da abin da ya fi igiya.

Da farko zafin fitsari ne kawai da ɗigon jini a ƙarshe, irin wanda duk mun sani. Daga baya ya zama sai ta fita daga lakca sau uku, ta dawo tana cije leɓe. 'Yan aji suka fara kallon juna. Kun san bakin mutane idan budurwa tana yawan zuwa banɗaki tana dafe mara, ba tsargiya ce ke fara zo musu a rai ba. Umaima ta ji raɗe-raɗin, ta koma zama a kujerar baya kusa da ƙofa. Yarinyar da take da jiki, mai dariya har da buga cinya, ta soma zuƙewa. Tafin hannunta ya yi fari, cikin idonta ya yi fari. Idan motarmu ta faɗa rami sai ta riƙe kwiɓinta na hagu ta runtse ido.

A gida kuwa aiki bai ragu ba. Matar Malam, Anti Ramatu, tana da yara huɗu, kuma tun da Umaima ta zo ta sallami mai aikinta. Shara, wanke-wanke, wankin kayan makaranta, duk kafin mu fita tasha. Abin da ya sauya shi ne Anti ta ware mata buta da kofi, ta hana ta shiga banɗakin ciki, sai na tsakar gida wanda ƙyaurensa ya karye tun bara, wai kada yara su ɗauka. Mijinta ya fi kowa sanin ba haka ake ɗaukar cutar ba, amma ya bar ta ta yi yadda take so.

Wata rana na yi ƙarfin hali na ce wa Anti jikin Umaima fa yana ƙara lalacewa. Tana yankan alayyafo, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce wane ɗan fadama ne bai girma da tsargiya ba? A garinsu Umaima ma yaron da bai yi fitsarin jini ba ai ba a ɗauka ya zama namiji. Ta ce shagwaɓa ce kawai ta 'yan jami'a, kuma mutum ya ci abincin gida, ya kwana a gida, a biya masa kuɗin makaranta, ai ba zai rasa abin da zai taimaka wa gidan da shi ba. Na dubi alayyafon, na dubi matar.

Abin da ya fi ba ni takaici, maganin yana cikin gidan. Kwali guda ne, a falo, a kan kabad, daidai ƙarƙashin hoton Malam sanye da rigar kammala digiri. Umaima ce ke goge masa ƙura kowace safiya.

Na je kemis na sayo mata da kaina. A mota na damƙa mata a hannu, na ce ta haɗiye, babu wanda zai sani. Ta riƙe ƙwayoyin tun daga tasha har ƙofar jami'a, sannan ta mayar mini da su cikin jaka.

"Zai gani a kwalba," in ji ta. "Ko bai gani ba, Baba ya ce bai yafe ba. Sakinatu, idan na sha na warke, da wane ido zan kalli Baba? Saura kaɗan zangon ya ƙare."

Na ce mata uban da ya san halin da take ciki ba zai faɗi haka ba. Ta ce to ta yaya za ta zauna gaban Baba ta yi masa bayanin inda ke mata ciwo? Ni ma ba zan iya da nawa uban ba.

Ana cikin haka, wata ranar Juma'a da la'asar na je gidan don mu yi karatu tare. Na tarar da gida a hargitse. Salma, 'yar Malam ta cikinsa, mai shekara goma, ta fito daga banɗaki tana kuka, ta ga ja a fitsarinta. Ashe da suka je Auyo hutun da ya wuce ta bi yara wanka a bakin gona. Anti Ramatu tana salati tana yarfe hannu. Malam ya fito da sauri ko hula babu, ya tsayar da yarinyar jikin bango ya auna tsayinta don sanin adadin da za ta sha, ya sauke kwalin nan daga kan kabad, ya ɓallo ƙwayoyi. Ya sa aka ba ta abinci tukuna, domin ba a sha da yunwa. Sannan ya ɗaga murya.

"Umaima, kawo ruwa."

Ta kawo a kofin gilashi, ta durƙusa, ta riƙe wa Salma har ta haɗiye. Ina tsaye a bakin ƙofa, ban san lokacin da magana ta kuɓuce mini ba.

"Malam, ita fa?"

Ya juyo ya dube ni, da alama ma bai gane tambayar ba. Can ya ce, "Salma ai ba ta cikin bincike." Ya rufe kwalin, ya miƙa wa Umaima ya ce ta mayar inda yake.

Ta mayar. Ta ma gyara masa zama don ya daidaita da hoton.

Zango ya zo ƙarshe, sai magana ta sauya. Malam ya ce tunda 'yan rukuni na biyu sun gudu, dole waɗanda suka rage su ƙara jira har bayan jarrabawa, in ba haka ba aikin shekara uku ya tashi a banza. A lokacin zazzaɓi ya fara kama Umaima, mai zafi, da rawar ɗari da amai. Ya ce na sauro ne, ya hana a kai ta asibiti, domin likitoci ba su da aiki sai ɗura wa mutum magunguna barkatai, su ɓata masa sakamako. Ya ce ta riƙa shan ruwa da yawa.

Na je ofishin shugaban sashenmu. Dattijo ne mai fara'a, ya saurare ni har ƙarshe yana gyaɗa kai. Ya ce da wata ɗaliba ce daban, da ya kira Malam ya yi masa magana. Amma wannan 'yarsa ce, a gidansa take, jami'a ba ta shiga tsakanin uba da 'ya. Ya ce in mayar da hankali kan karatuna, ya kuma yi mini addu'ar samun miji nagari.

Ranar jarrabawa ta biyu Umaima ta yanke jiki ta faɗi. Muna cikin rubutu na ji ƙarar kujera a baya, na waiga na gan ta a ƙasa, takardarta a gefe, zanenta ya ɓaci da jini. Maza suka kawar da kai, mata muka rufe ta da hijabi. Abin da ta yi watanni tana ɓoyewa, aji guda ya gani a lokaci ɗaya.

A asibiti likitar da ta duba ta ta tambaye ni tun yaushe take haka. Da na faɗa mata, sai ta ajiye biro ta dube ni kamar ni na aikata. Ta ce cutar ta yi wa mafitsara rauni, wani ciwon ya samu hanya ya hau har ƙoda, ta hagu ta kumbura. Jininta kuma ya yi ƙasa, sai an ƙara mata. Aka ɗaura mata ruwa, aka tura neman jini.

Ina zaune a baranda sai ga Malam Ja'afar da sauri, yana share gumi. Na ɗauka tsoro ne ya kama shi, har na fara jin tausayinsa. Ya ja ni gefe ya tambaya ko sun ba ta maganin tsargiyar. Na ce ba su kai ga nan ba. Ya yi ajiyar zuciya, ya sa hannu a aljihu, ya ciro 'yar kwalba.

"Taimaka ki karɓo mini na ƙarshe kafin su ba ta. Ke mace ce, za su bar ki ki shiga."

Na karɓa. Akwai kwandon shara a gefenmu, cike da auduga da ledar allura, na jefa ta a ciki yana kallo. Makin goman nan dai ban gan su ba, kuma darasinsa sai da na maimaita shi.

Washegari Malam Badamasi ya iso a bayan babur, da rabin buhun shinkafa ɗaure a baya, ya kawo wa ƙaninsa godiya saboda ɗawainiyar asibiti. Malam Ja'afar ya karɓa, ya ce ai yi wa kai ne, ciwo kuma ƙaddara ce, ba a tsallake ta. Na jira har tsohon ya fito alwala, na durƙusa na gaishe shi, na gaya masa komai, har da kwalin kan kabad, har da Salma. Mutum ne siriri, ƙafafunsa duk faso saboda ruwan gona. Na san injin ban-ruwan da yake noman rani da shi ƙanin ne ya saya masa, na san kuma shi kaɗai ne ɗan boko a zuriyarsu.

"'Yata, Allah ya yi miki albarka," in ji shi. "Amma kada ki sake faɗin wannan magana. Ɗan'uwana ne."

Ya zuba ruwa ya fara wanke hannu.

Umaima ta tashi, amma ƙodar hagu ba ta dawo daidai ba, kuma shekarar karatu ta tafi. Da aka sallame ta, Malam ya ce zirga-zirgar mota ba za ta yi wa mai ciwon ƙoda kyau ba, gara ta huta a gida tukuna. Aka kwashe kayanta a buhu aka kai Auyo. Hutun nan har yau ba a ce ya ƙare ba.

Shi kuwa ya zama dakta. Aka yi walima a ƙofar gida, aka kafa rumfa, aka yanka rago. Yayata ta je, ta ce a jawabinsa ya gode wa ɗaliban da suka sadaukar da kansu don ci gaban ilimi, aka tafa. Malam Badamasi yana sahun gaba da sabuwar riga. Ba a daɗe ba muka ji an ba Dakta tallafi ya faɗaɗa binciken, yana neman sababbin ɗalibai.

A daminar nan ne Adila, ƙanwar Umaima, ta samu gurbi a jami'armu. Dakta da kansa ya tuƙa mota har Auyo ya ce a ba shi ita ya riƙe, don ya cike gurbin 'yar'uwarta. Malam Badamasi har da ƙwalla, yana cewa zumunci ya yi rana.

Umaima ta kira ni a waya, ta ce in sayo mata ƙwayoyin nan in kawo mata da kaina. Na ɗauka ita za ta sha. Na hau babur daga Haɗeja, inda ruwa ya cinye hanya muka shiga kwalekwale. Na same ta a ɗakin mahaifiyarsu, ta ɗan yi kumari amma tafiyarta a karkace. Ta kira Adila, ta sa ta ta ci tuwo, ta zuba mata ruwa a kofi, ta tsaya a kanta har ta haɗiye. Na ce ba ta tsoron maganar Baba?

"A kaina ya ce bai yafe ba," in ji ta. "Bai ambaci Adila ba."

Daga ranar ta hana Adila taka ruwa har lokacin tafiya makaranta. To amma dashen shinkafa ba ya jira, kuma gidan ba su da hannun da za su rasa. Umaima ce ta ɗaure zane ta shiga a madadinta, da ƙodarta guda, cikin ruwan nan dai da ya ba ta cutar. Na yi mata faɗa, ta ce ita yanzu ta san hanyar kemis.

Adila ta tare a gidan Dakta da akwatinta sabo. Anti Ramatu ta tarbe ta da fara'a, ta nuna mata tsintsiya da wurin wanke-wanke. Litinin ta farko aka ba ta kwalba. Aka auna, babu komai. Dakta ya ce wataƙila kuskure ne, aka sake, aka kuma sakewa, fitsarin yarinya tas kamar ruwan rijiya.

A nan ne Dakta ya tuna gidansa ya yi ƙanƙanta. Ya aika wa yayansa cewa yara sun girma, ɗakuna sun yi kaɗan, a nema wa Adila wani wurin. Malam Badamasi ya ba shi haƙuri a kan nauyin da aka ɗora masa. Yanzu Adila tana gidan yayata, katifa ɗaya muke kwana, tana karatunta da lafiyarta. Da na gaya wa Umaima a waya, dariya ta yi, irin wadda na daɗe ban ji ba, har sai da ta ce in dakata kwiɓinta yana ciwo.

Ni ban yi dariya ba, domin ni nake wucewa ta ƙofar gidan Dakta kullum. Ɗakin da aka ce ya yi kaɗan bai yi mako biyu a rufe ba. 'Yar ƙanwar Anti Ramatu ce a ciki, wata 'Yar'azumi daga Baturiya, sabuwar ɗaliba, mai kunya, ko ido ba ta haɗawa da mutane. Ranar Litinin na gan ta a tasha tana jiran mota, ta riƙe wani abu a baƙar leda tana ɓoye shi cikin hijabi. Na matsa kusa da ita na tambaye ta wane rukuni aka sa ta. Ta ce na biyu, wai kwamfuta ce ta zaɓa.